Wai da gaske wuta ce a cikin duwatsun sararin samaniya? Fashin baƙi kan girman dutse da hucewar zafinsa

Shin duwatsun nan da ke yawo a sararin samaniya, waɗanda masana ke kira astiroyid, wuta ce ke ci a cikinsu ko kuwa sanyi ƙalau suke? In kuma sun taɓa yin zafi, me ya sa wani ya huce tuntuni wani kuma har yanzu da sauran ɗumi a cikinsa? Tambayar nan takan taso duk lokacin da labarin wani dutse ya karaɗe soshiyal midiya, kamar yadda aka yi a farkon 2025 da aka ce wani mai suna 2024 YR4 zai iya faɗo wa duniya a Disambar 2032, har yiwuwar hakan ta haura kashi 3 cikin 100 kafin ƙarin aune-aune su nuna ba zai same mu ba. Hotunan da aka riƙa turawa a Facebook da WhatsApp a lokacin duk iri ɗaya ne, ƙaton dutse jajir, ya tsattsage, wuta na tsartuwa ta kowace kafa. To wannan zanen kwamfuta ne kawai. Dutse irin wannan mai faɗin kusan mita 60 babu wata wuta a cikinsa, kuma dalilin hakan yana cikin girmansa ne.

Tukunna ma, mene ne astiroyid?

Ragowar kayan gini ne da suka rage bayan an samar da duniyoyin da ke kewaya rana, wajen shekara biliyan 4 da rabi da suka wuce. Mafi yawansu suna zagaye ne a wani fili tsakanin duniyar Mas da Jufita. Girmansu ya sha bamban ƙwarai, akwai wanda bai fi mota ba, akwai Bennu mai faɗin kusan mita 500, akwai Vesta mai kilomita 525, sai babban yayansu Ceres mai kusan kilomita 940, wanda wani masanin taurari ɗan Italiya Giuseppe Piazzi ya fara hangowa ranar 1 ga Janairun 1801. In wani ɓangare ya ɓalle daga jikinsu ya ratso iskarmu ya iso ƙasa, shi ne dutsen da muke cewa ya faɗo daga sama.

Sannan a raba zafi gida biyu don kar a rikice. Akwai zafin rana da ke dukan bayan dutsen, wannan a fata kawai yake tsayawa, santimita kaɗan yake shiga tsakanin dare da rana. Akwai kuma zafin ciki, wanda dutsen ya samu daga kayan da aka gina shi da su. Maganarmu a kan na biyun take.

Lissafin fata da ciki

Duk wanda ya taɓa cin tuwo da zafinsa ya san wannan ilimin ko da bai shiga aji ba. Ka gutsuro loma ka riƙe, nan da nan ta huce, amma ka tura yatsa tsakiyar malmalar sai ka janye da sauri, alhali daga tukunya ɗaya aka kwaso su lokaci ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne zafi a cikin jikin abu gaba ɗaya yake zaune, amma ƙofar fitarsa guda ce, wato fatar waje. Kuma idan abu yana ƙara girma cikinsa ya fi fatarsa saurin ƙaruwa.

Ga shi da lamba. Ɗauki dutse mai siffar akwati, kowane gefe mita 1. Fuskokinsa shida, fatarsa murabba'in mita 6 kenan, cikinsa kuma awo 1. Ninka gefen ya zama mita 2, fata ta koma 24, wato ta ninka sau 4, amma ciki ya koma 8, ya ninka sau 8. Kai shi mita 10, fata 600, ciki 1,000. A ƙaramin kowane awo ɗaya na ciki yana da ƙofa 6 ta fitar da zafi, a babban ko ƙofa ɗaya cikakkiya bai samu ba.

Sai abu na biyu da mutane ke mantawa, tazara. Dutse ba ya miƙa zafi da sauri kamar ƙarfe, a hankali yake tura shi daga ƙwaya zuwa ƙwaya, don haka zafin da ke can tsakiya sai ya yi doguwar tafiya kafin ya iso fata. In aka haɗa waɗannan biyun ƙa'idar da ke fitowa ita ce, ka ninka faɗin dutse sau 2 lokacin hucewarsa ya ninka sau 4, ka ninka sau 10 lokacin ya ninka sau 100. A ƙiyasce dunƙulallen dutse mai faɗin kilomita 2 cikin 'yan dubban shekaru zai huce, mai kilomita 200 kuwa sai ya ɗauki gomman miliyoyin shekaru. Vesta ta ninka Bennu a faɗi kusan sau 1,000, kun ga a wannan lissafin lokacin hucewarta ya ninka nasa sau miliyan ɗaya kenan.

Wani zai ce ai sarari babu iska, ta ina zafin ke fita? Ta hanyar haske ne, wani irin haske da idonmu ba ya gani, wanda duk abu mai ɗumi ke fitarwa. Da wannan hasken ma madubin hangen nesa na James Webb ya auna girman 2024 YR4 a watan Maris na 2025.

Duniyarmu ita ce ƙarshen misali a ɓangaren manyan jikkuna. Faɗinta ya haura kilomita 12,700, shi ya sa bayan duk waɗannan shekarun tsakiyarta ta fi digiri 5,000 a ma'aunin Salshiyos, duwatsu na aman wuta, ruwan ɗumi na ɓuɓɓugowa kamar na Wikki a Yankari.

To daga ina zafin ya fito tun farko?

Nan ne labarin ya yi daɗi, don an daɗe ana kai ruwa rana a kansa. Masana sun ga wasu duwatsun da suka faɗo daga sama ƙarfe ne zalla, wasu kuma irin dutsen da ya taɓa narkewa ya daskare ne, alamar iyayensu, wato manyan duwatsun da suka ɓalle daga jikinsu, sun taɓa narkewa kenan. Amma me zai narkar da abu mai faɗin kilomita ɗari biyu ko uku? Yuraniyom da toriyom da fotasiyom da ke ɗumama cikin duniyarmu a hankali suke sakin zafinsu, cikin biliyoyin shekaru, ƙaramin jiki kuwa kafin zafin ya taru ya riga ya zube ta fata. Sai an samu abin da zai bada zafi mai yawa cikin ɗan lokaci, ya fi ƙarfin zubewar.

A 1955 wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Harold Urey, ya kawo shawarar cewa wani nau'in alminiyom ne, alminiyom-26, wanda ba ya zama daram, rubewa yake yana komawa magniziyom yana sakin zafi. Shekaru suka wuce babu hujja a hannu, sai ranar 8 ga Fabrairun 1969 wani dutse ya tarwatse a saman jihar Chihuahua ta ƙasar Meziko, wanda aka sa wa suna Allende. A cikin wasu fararen ɗigo-ɗigo da ke jikinsa, waɗanda shekarunsu ya kai biliyan 4.567, masu bincike a jami'ar Caltech suka gano a 1976 cewa akwai rarar magniziyom-26 daidai inda alminiyom ya fi yawa. Tokar wutar da ta mutu kenan aka gani.

Abin lura shi ne wannan alminiyom ɗin ba ya daɗewa. Duk bayan kusan shekara 717,000 rabinsa ke ƙarewa. Bayan shekara miliyan 3 da rabi abin da ya rage bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Saboda haka tsere ne tsakanin wuta mai saurin mutuwa da fata mai zubar da zafi. Lissafin masana ya nuna jikin da ya haɗu da wuri, cikin shekara miliyan 1 zuwa 2 na farko, kuma girmansa ya kai gomman kilomita, zai iya narkewa, ƙarfe mai nauyi ya nutse tsakiya, dutse mara nauyi ya taso sama ya zama ɓawo. Wanda bai kai wannan girman ba ko da wuri ya haɗu zafin zubewa yake yana shigowa yana fita, wanda kuma ya makara ko ƙato ne ya tarar wutar ta kusa mutuwa, sai dai ya gasu sama-sama.

Vesta da Ceres, inda girma kaɗai bai yanke hukunci ba

Da girma ne kawai ke magana da Ceres ce za ta fi kowa narkewa tunda ta kusa ninka Vesta biyu. Amma da kumbon Dawn na hukumar NASA ya je, ya zagaya Vesta daga 2011 zuwa 2012 sannan Ceres daga 2015 zuwa 2018, akasin haka ya tarar. Vesta busasshiya ce, bayanta duk daskararren dutsen aman wuta ne, ga wani ƙaton rami a kudancinta mai faɗin kusan kilomita 500 da wani karo ya haƙa, kuma daga jikinta ake ganin wani babban rukuni na duwatsun da suka faɗo duniya suka fito. Ta yi zafi sosai da wuri, ta kuma huce tun da daɗewa.

Ceres kuwa ruwa ne ya yi mata yawa. Ƙanƙara in za ta narke zafi mai yawa take shanyewa, ruwan kuma in ya fara zagayawa ta cikin tsagogi sai ya riƙa kwashe zafi daga ciki yana kaiwa sama, don haka dutsenta bai kai ga narkewa irin na Vesta ba. Amma girmanta bai tashi a banza ba fa. A cikin wani rami mai suna Occator, mai faɗin kilomita 92, Dawn ya ɗauko hoton wasu fararen tabo masu ƙyalli, da aka bincika sai aka ga gishiri ne, yawanci dangin kanwa, wanda ruwan gishiri ya taso da shi daga ƙasa ya bushe ya bari, kuma a ma'aunin shekarun sarari abin bai daɗe da faruwa ba. Gishiri na hana ruwa daskarewa da wuri, girma kuma na riƙe ɗan ɗumin da ya rage, su biyun suka haɗu. Ni a ganina wannan shi ne mafi ban mamaki a duk binciken Dawn, a ce jikin da ke can nesa da rana haka har yana da sauran motsi a cikinsa.

Akwai kuma maganar mayafi. Ƙura da tsakuwar da ke rufe bayan astiroyid ba su da haɗi sosai, kuma babu iska a tsakaninsu, to zafi na shan wahalar ratsa su fiye da dunƙulallen dutse nesa ba kusa ba. Jiki biyu masu girma ɗaya, mai kaurin ƙura zai fi daɗewa da zafinsa.

Ta yaya aka san saurin hucewar alhali babu wanda ya gani?

Duwatsun da kansu suka ajiye bayanin. In aka yanka dutsen sama na ƙarfe aka goge fuskar aka ɗan zuba mata asid, sai wani zane ya bayyana, layuka masu sheƙi suna gittawa juna. Ƙarfe ne iri biyu, mai nikel kaɗan da mai nikel da yawa, suka rabu a hankali lokacin da suke hucewa. Daga faɗin layukan da yadda nikel ya rarrabu a bakinsu ake lissafa saurin hucewar, kuma abin da ake samu yakan kama daga digiri kaɗan zuwa dubbai a cikin shekara miliyan ɗaya. Ku tsaya ku duba wannan, abu ya sauka da digiri 10 kacal cikin shekara miliyan guda. Babu maƙerin da zai iya yin wannan zanen a maƙera, sai dai a tsakiyar jiki babba da dutse mai kaurin kilomita da yawa ya lulluɓe. Daga saurin hucewar sai a juya lissafin baya a ƙiyasta girman uwar dutsen.

Mu ma nan an samu rabo. A watan Agustan 1974 wani dutse mai nauyin kusan kilo 5 ya faɗo a Mayo Belwa ta Adamawa, kuma yana cikin wani rukuni da ba a cika samu ba na duwatsun da suka taɓa narkewa suka daskare, ma'ana ɓangare ne na wani jiki da ya kai girman da zai riƙe zafi har dutse ya zama ruwa. A Sudan kuma, ranar 7 ga Oktoban 2008 wani ɗan ƙaramin astiroyid mai kusan mita 4 ya fashe a saman hamadar Nubiya, shi ne na farko da aka taɓa hangowa a sarari kafin ya iso, ɗaliban jami'ar Khartum suka bi hamada suka tsinto ɗaruruwan gutsattsarinsa. Da yawa daga cikinsu wani nau'i ne da ke nuna ya yi zafi sama da digiri 1,000 sannan ya huce farat ɗaya, abin da masana ke fassarawa da cewa uwar tasu tana tsaka da zafinta wani ya buge ta ta tarwatse, kowane gutsure ya samu fatar kansa, zafin ya gudu.

Ƙananan da muke gani yau 'ya'ya ne

Nan mutane da yawa ke kuskure. Suna ɗauka tunda Bennu ƙarami ne to bai taɓa ganin zafi ba. Gaskiya ne jiki mai mita 500 ba zai iya tara zafin kansa ba, amma ai ba a haka aka haife shi ba. Tarin ɓaraguzai ne na wani babban jiki da ya fashe, suka sake haɗuwa sako-sako.

Kumbon Hayabusa na Japan ya dawo a 2010 da 'yan ƙwayoyin ƙura daga Itokawa, dutsen da tsawonsa bai fi mita 540 ba, aka duba aka ga sun taɓa gasuwa har wajen digiri 800 na tsawon lokaci, abin da ke buƙatar uwa mai faɗin kilomita 20 ko fiye. Shi kuma samfurin Bennu, giram 121.6 da kumbon OSIRIS-REx ya sauke a hamadar Utah ranar 24 ga Satumban 2023, labarinsa daban ne. An samu gishiri iri-iri da ke nuna ruwan gishiri ya taɓa kwanciya ya ƙafe a cikin uwarsa, an kuma samu 14 daga cikin sinadaran amino 20 da jikin halittu ke gina furotin da su. Uwar Bennu ta yi ɗumin da ya narkar da ƙanƙara amma bai kai ya ƙone waɗannan sinadaran ba, da ta haɗu da wuri fiye da haka da tuni sun lalace.

Inda masana ba su daidaita ba

Kusan kowa ya yarda alminiyom-26 ne babbar wutar. Saɓanin yana kan rawar da karo ya taka. Wasu na ganin buge-bugen da duwatsun suka riƙa yi wa juna ya bada zafi mai yawa, musamman ga jiki mai ramuka da ke matsewa in an buge shi. Mafi rinjaye na cewa karo wuri ɗaya yake ƙonawa, bai isa ya gasa jiki gaba ɗaya ba. Ni hujjar ɓangare na biyu ta fi kwanta min, don agogon sinadaran da ake auna shekarun duwatsun da shi yawanci miliyoyin shekarun farko na samuwarsu yake nunawa, lokacin da alminiyom ɗin ke da ƙarfinsa.

Akwai kuma muhawarar ko iyayen sun huce lafiya lau a jere, tsakiya ya fi gasuwa ya fi daɗewa, waje bai gasu ba, ko kuwa an farfasa su ana tsaka da hucewa. Wasu duwatsun sun dace da bayani na farko, wasu na biyu. Ita kanta Vesta da aka daɗe ana koyarwa cewa tana da cikakkiyar cibiyar ƙarfe, a 2025 wasu masu bincike suka sake bin bayanan Dawn suka ce cibiyar in ma akwai ta ƙarama ce ƙwarai, ko dai narkewar ba ta kammala ba ko kuma Vesta ɓallin wani jiki ne da ya fi ta girma.

Ina ruwan talaka da wannan?

Da farko dai maganar tsoro. Wutar da ake gani in dutse ya ratso sama ba daga cikinsa take ba. Gudunsa ne, sama da kilomita 11 a sakan ɗaya, ke matse iskar gabansa har ta yi zafi ta narkar da fatarsa, narkakken kuma iska na share shi nan take. Sakanni kaɗan ake yi, zafin bai samu lokacin shiga ciki ba, ragowar tafiyar kuma cikin iska mai sanyi yake yinta. Shi ya sa ƙananan da ake tsinta baƙin ɓawonsu bai fi kaurin milimita ɗaya ba, ciki kuwa yana nan yadda yake. In ya faɗo a gonar wani ba guba ba ne, ba ya fitar da tururin nukiliya mai cutarwa, alminiyom ɗin ya mutu tun biliyoyin shekaru. Abin da ya fi shi ne kar a wanke shi, kar a farfasa, a sa shi a leda mai tsabta a nemi sashen ilimin duwatsu na jami'a mafi kusa. Haɗarin manya kuwa daga gudu da nauyi yake zuwa, kamar na Chelyabinsk a Rasha ranar 15 ga Fabrairun 2013, mai kusan mita 20, wanda ƙarfin fashewarsa a sama ya farfasa gilasai ya jikkata mutum wajen 1,500.

Na biyu, kariya. In wata rana aka ga wani ya nufo mu da gaske, tambayar farko ita ce dunƙulen ƙarfe ne ko tarin tsakuwa, kuma tarihin zafin uwarsa ne ke bada amsar. Da kumbon DART na NASA ya daki Dimorphos, wani ƙaramin astiroyid da ke zagaya wani babba, da gangan ranar 26 ga Satumban 2022 ya rage lokacin zagayensa da kusan minti 32, tarkacen da suka yi tsalle daga jikinsa sun ƙara wa bugun ƙarfi sosai saboda jikin sako-sako ne. Zafin rana ma na taɓa ƙanana fiye da manya, fatar da ta sha rana tana sakin zafin ta gefe guda, hakan na tura dutsen kaɗan-kaɗan, Bennu kan gusa da kusan mita 280 duk shekara, kuma dole masu hasashen hanyarsa su sa wannan a lissafi.

Sai maganar kuɗi, wadda ta fi yawo a wayoyinmu, wai akwai wani dutse Psyche cike da zinare da zai mai da kowa biloniya. Abin da ya sa NASA ta damu da shi daban ne. Faɗinsa wajen kilomita 220, yana da ƙarfe da yawa, ana zaton ko cibiyar wani jiki ce da ya narke sannan karo ya kware masa ɓawo ya bar ta tsirara. In haka ne to ta huce da sauri fiye da cibiyar da ke lulluɓe, kuma mai yiwuwa ta bar alamar maganaɗisu a jikinta. Sai dai aune-aunen baya-bayan nan sun nuna ƙarfen bai wuce kashi 30 zuwa 60 cikin 100 na jikinsa ba, don haka zancen ƙarfe zalla ma ya raunana balle zinare. Kumbon da zai duba ya tashi ranar 13 ga Oktoban 2023, ɗauke da na'urar auna maganaɗisu da ta tantance sinadarai, kuma a 2029 ake sa ran isarsa.